Shin Kotun Ƙolin Amurka ta soke zama ɗan ƙasa ta hanyar haihuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ji ana cewa a watan Yunin 2025 Kotun Ƙolin Amurka ta ba Shugaba Trump gaskiya a kan 'ya'yan baƙi da ake haifa a ƙasar, wai yanzu haihuwa a can ba ta mayar da yaro Ba'amurke. Wasu kuma sun ce a'a, alƙalai kawai aka rage wa ƙarfi. Wanne ne daidai, kuma me ya sauya a aikace?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Na biyun su ne a kan hanya. Hukuncin da kake magana a kai shi ne na ranar 27 ga Yuni, 2025, a shari'ar Trump da CASA, kuma ko kusa bai taɓa batun wane ne ɗan ƙasa ba. Abin da ya yanke shi ne: idan alƙalin tarayya ya ga umarnin gwamnati ya saɓa wa doka, wa zai iya karewa? Wanda ya kawo ƙara gabansa kaɗai, ko duk wanda umarnin ya shafa a faɗin ƙasar? Alƙalai 6 suka ce masu ƙara kaɗai, 3 suka ƙi yarda. Mai jin haka zai iya ɗauka cewa gardamar lauyoyi ce kawai, amma a ganina tasirinta zai daɗe fiye da na rigimar haihuwar kanta, domin ta shafi kowane shugaban ƙasa da zai zo da kowace doka da za a ƙalubalanta.

Tushen maganar shi ne ranar 20 ga Janairu, 2025, ranar da aka rantsar da Trump karo na biyu, ya sa hannu a umarni mai lamba 14160. Umarnin ya hana hukumomin tarayya amincewa da yaro a matsayin ɗan ƙasa idan uwarsa tana zaune ba bisa ƙa'ida ba, ko tana da izinin zama na ɗan lokaci kawai kamar bizar karatu ko ta aiki ko ta ziyara, sannan ubansa ba ɗan ƙasa ba ne kuma ba shi da katin zaman dindindin da ake kira girin kad. A lura da sharaɗin uban: idan ɗaya daga cikin iyayen ɗan ƙasa ne ko mai girin kad, umarnin bai shafi yaron ba. Kuma an tsara ya fara aiki ne a kan yaran da aka haifa bayan kwana 30 da sa hannu, wato daga 20 ga Fabrairu, 2025.

Abin da umarnin ya yi karo da shi shi ne gyara na 14 na kundin tsarin mulkin Amurka, wanda aka amince da shi a 1868 bayan yaƙin basasa. Jimlarsa ta farko ta ce duk wanda aka haifa a Amurka, kuma yake ƙarƙashin hurumin dokarta, ɗan ƙasa ne. An rubuta ta ne don a binne hukuncin Dred Scott na 1857, wanda ya ce baƙar fata ba zai zama ɗan ƙasa ba. A 1898 Kotun Ƙoli ta fassara jimlar a shari'ar Wong Kim Ark, mutumin da aka haifa a San Francisco, iyayensa 'yan Sin, aka hana shi shiga ƙasa da ya dawo daga ziyara a 1895. Kotu ta ce ɗan ƙasa ne, ta kuma ware 'yan rukunai kaɗan da jimlar ba ta haɗa da su ba: 'ya'yan jakadu, 'ya'yan abokan gaba da suka mamaye ƙasa, waɗanda aka haifa a jiragen ruwan wata gwamnati, da 'yan ƙabilun asali masu sarautar kansu. Su waɗannan na ƙarshe Majalisa ta ba su 'yancin a 1924. Ga mai karatu a Najeriya wannan tsari baƙo ne, domin sashe na 25 na kundin 1999 ta jinin iyaye da kakanni yake bi, ba ta wurin da aka yanke cibiya ba.

Kafin a gane abin da CASA ta sauya, sai an san yadda ake dakatar da umarnin gwamnati tun farko. Kotunan tarayya hawa uku ne: kotunan gunduma 94, kotunan ɗaukaka ƙara 13, sai Kotun Ƙoli mai alƙalai 9. Shari'a tana iya cin shekaru kafin a kai ƙarshe, don haka mai ƙara yakan nemi a tsayar da abin tun kafin a kai can. Mataki na farko shi ne umarnin gaggawa a ƙarƙashin ƙa'ida ta 65 ta ƙa'idojin shari'ar tarayya. Idan an ba da shi ba tare da an ji ta bakin ɗaya ɓangaren ba, ba ya wuce kwana 14, sai dai a tsawaita shi sau ɗaya da dalili, kuma galibi ba a ɗaukaka ƙara a kansa. Mataki na biyu shi ne umarnin wucin gadi, wanda ke tsayawa har a gama shari'a, kuma shi ana iya ɗaukaka ƙara a kansa nan take. Don samunsa, hukuncin Winter na 2008 ya ce sai mai ƙara ya nuna abu huɗu: cewa da alama zai yi nasara a ƙarshe, cewa zai cutu cutuwar da kuɗi ba za su gyara ba, cewa idan aka auna cutuwar ɓangarorin biyu tasa ta rinjaya, da cewa umarnin bai saɓa wa maslahar jama'a ba. Ƙa'idar ta kuma tanadi a ajiye kuɗin jingina, ko da yake a ƙarar da ake yi da gwamnati alƙalai sukan sa ɗan abu kaɗan ko su yafe.

Da wannan hanya aka bi. Kwana uku bayan sa hannu, Mai shari'a John Coughenour a Seattle, wanda Ronald Reagan ya naɗa, ya tsayar da umarnin, ya ce saɓa wa kundin tsarin mulkin da ke cikinsa a fili yake. A watan Fabrairu Deborah Boardman a Maryland da Leo Sorokin a Massachusetts suka bi sahu. Jihohi 22 ne suka shigar da ƙara, tare da ƙungiyoyin kare baƙi irin su CASA da wasu mata masu juna biyu. Dukkan umarnan uku sun hana gwamnati aiwatar da abin a kan kowa, ko'ina.

A nan lauyoyin gwamnati suka yi dabara. Da suka garzaya Kotun Ƙoli ba su ce a duba ko umarnin shugaban daidai ne ba. Cewa suka yi a taƙaita faɗin umarnan alƙalan zuwa ga masu ƙara kawai. Sun zaɓi filin da suka san suna da ƙarfi a kai, suka kauce wa wanda suka yi ta faɗuwa a kansa a kowace kotu.

Kuma lalle suna da ƙarfi a wannan filin, domin ƙorafi a kan umarnin gama-gari, wato umarnin alƙali da ke kare kowa ba masu ƙara kaɗai ba, ba na jam'iyya ɗaya ba ne. A 2015 alƙali Andrew Hanen a Texas ya tsayar da shirin Obama na sassauta wa iyayen da ba su da takardu. A 2017 alƙalai a Seattle da Hawaii suka tsayar da dokar Trump ta hana 'yan wasu ƙasashe shiga. A 2023 alƙali Matthew Kacsmaryk a Amarillo ya nemi dakatar da izinin wani maganin zubar da ciki da aka amince da shi tun 2000. Wata ƙidaya da mujallar shari'a ta Jami'ar Harvard ta fitar a 2024 ta nuna umarnai irin waɗannan 6 a zamanin George W. Bush, 12 a zamanin Obama, 64 a zangon Trump na farko, da 14 a shekaru uku na farko na Biden. Illar da kowa ke gani ita ce zaɓen alƙali. Akwai rassan kotu, musamman a Texas, da alƙali ɗaya ne ke jin kusan duk ƙarar da aka shigar, don haka lauya ya san gaban wanda zai tsaya tun kafin ya buga takarda. Gwamnati sai ta ci kowace shari'a, masu ƙara kuwa sau ɗaya ya ishe su. Wanda ya san yadda 'yan siyasarmu ke kewaya jihohi neman kotun da za ta ba su umarni a rigimar shugabancin jam'iyya zai gane cutar da sauri.

Malaman jami'a sun daɗe suna fafatawa a kai, kuma rubuce-rubucensu ne suka zama makaman alƙalan. Samuel Bray a 2017 ya kawo hujjar cewa umarnin gama-gari sabon abu ne, bai bayyana ba sai wajen 1963, kuma ba shi da asali a tsohuwar shari'ar Ingila da Amurka ta gada. Amanda Frost a 2018 ta kare shi, ta ce wani lokaci shi kaɗai ne ke hana cutar da dubban mutanen da ba za su iya zuwa kotu ba. Mila Sohoni a 2020 ta tono misalai tun daga 1913 don nuna cewa abin ya girmi yadda Bray ya faɗa. Mai shari'a Amy Coney Barrett, wadda ta rubuta hukuncin masu rinjaye, ta bi layin Bray. Hujjarta a kan Dokar Kotuna ta 1789 ta tsaya, ba a kan kundin tsarin mulki ba: ikon da Majalisa ta ba kotunan tarayya na cewa a yi ko a bari, iyakarsa irin wanda kotun Cansila ta Ingila ke da shi a lokacin kafa ƙasar, kuma waccan kotun masu ƙara take ba magani, ba duniya ba. Tunda a kan doka ta tsaya, Majalisa na iya sauya wannan idan ta ga dama.

Ma'aunin da ta kafa shi ne cikakken magani ga mai ƙara. Ta ba da misalin maƙwabcin da ke kunna kiɗa da ƙarfi cikin dare: idan kotu ta ce ya rage, duk unguwa ta huta, amma wanda ya kai ƙara ne kaɗai zai iya komawa kotu idan aka karya umarnin. Wato ba laifi wasu su amfana a fakaice, muddin babu yadda za a warkar da mai ƙara sai da hakan. Mace mai ciki da ta kai ƙara kuwa, kare jaririnta ya wadatar da ita, ba sai an kare na maƙwabciyarta ba.

Mai shari'a Sonia Sotomayor ta rubuta ra'ayin alƙalan da suka ƙi yarda, Elena Kagan da Ketanji Brown Jackson suka mara mata, kuma akwai wurin da nake ganin hujjarta ba ta samu gamsasshiyar amsa ba. Tun hukuncin Mendoza na 1984, idan gwamnatin tarayya ta faɗi a shari'a da mutum ɗaya, wani ba zai ɗauki wannan nasarar ya ɗaure ta da ita ba. To, a ce gwamnati ta yi ta faɗuwa a kotunan ƙasa, ta ƙi ɗaukaka ƙara. Wanda ya ci shari'a ba ya ɗaukaka ƙara, don haka maganar ba za ta isa Kotun Ƙoli ba, gwamnati kuma ta ci gaba da aiwatar da abin a kan duk wanda ba shi da lauya. Abin da masu rinjaye suka dogara da shi shi ne alkawarin babban lauyan gwamnati, John Sauer, cewa za su kawo maganar gaban kotun kuma za su bi hukuncinta. Alkawarin lauya ba doka ba ne, kuma ba ya ɗaure gwamnatin da za ta zo gobe.

Duk da haka umarnin Trump bai fara aiki ba bayan hukuncin. Kotu ta ba da kwana 30 kafin ya soma, ta kuma bar ƙofofi uku a buɗe, lauyoyi suka fara shiga ta cikinsu tun a ranar.

Ƙofa ta farko, wadda ta fi muhimmanci, ita ce ƙarar wakilci a ƙarƙashin ƙa'ida ta 23, inda mutum biyu ko uku ke tsayawa a madadin dubbai. Sai alƙali ya tabbatar da rukunin tukuna, kuma sharuɗɗan huɗu ne: mutanen su yi yawan da ba za a iya jera sunayensu a ƙara ɗaya ba, abin da a aikace kotuna ke ɗauka daga wajen 40 zuwa sama, su haɗu a kan tambaya guda da amsa ɗaya za ta warware musu, matsalar wakilan ta zama irin ta sauran, wakilan da lauyoyinsu kuma su zama masu iya riƙe amanar rukunin. Sannan a nuna cewa gwamnati ta yi wa rukunin abu iri ɗaya, wanda umarni guda zai gyara. An tsara wannan sashen ne a 1966 da shari'un wariyar launin fata a zuciya. Ranar 10 ga Yuli, 2025, kwana 13 kacal bayan CASA, Mai shari'a Joseph Laplante a New Hampshire, wanda George W. Bush ya naɗa, ya tabbatar da rukuni na wucin gadi a shari'ar Barbara: duk jaririn da aka haifa daga 20 ga Fabrairu, 2025 wanda umarnin zai shafa, har da waɗanda ba a haifa ba tukuna. Ya cire iyaye daga rukunin, ya bar jarirai kawai, sannan ya tsayar da umarnin a kansu duka.

Kada a ɗauka wannan ya mayar da komai yadda yake a da. Batun haihuwa ya dace da ƙa'ida ta 23 ne saboda tambayarsa ɗaya ce tak, kuma ba ta dogara da tarihin kowane yaro ba. Yawancin shari'u ba haka suke ba. A 2011, a shari'ar Wal-Mart da Dukes, Kotun Ƙoli ta rushe rukunin ma'aikata mata kimanin miliyan ɗaya da rabi saboda manajoji daban-daban ne suka yanke musu hukunci a shaguna daban-daban, babu tambaya guda da ta ɗaure su. Lauyan gwamnati zai nemi irin wannan tsagar a kowane rukuni. A fannin shige da fice akwai ƙarin shinge: wani sashe na dokar baƙi, wanda kotu ta tabbatar a shari'ar Aleman Gonzalez a 2022, ya hana ƙananan kotuna ba da umarnin rukuni a kan wasu tanade-tanaden tsarewa da kora. Tabbatar da rukuni kuma yana cin lokaci da kuɗi, ga shi gwamnati na iya neman ɗaukaka ƙara a kan tabbatarwar ita kanta. Akwai kuma haɗarin da mutane ba su cika lura da shi ba: a irin wannan rukunin ba ka da zaɓin cire kanka, don haka idan wakilan suka faɗi, kai ma ka faɗi, ko da ba ka taɓa jin sunan shari'ar ba. Mai shari'a Samuel Alito na Kotun Ƙoli ma ya ja kunnen alƙalai a rubutunsa cewa kada su mayar da ƙarar wakilci ƙofar baya ta dawo da abin da aka hana.

Ƙofa ta biyu ita ce ta jihohi. Hujjarsu ita ce mutane suna ƙaura, kuma jiha ce ke tantance yaran da suka cancanci tallafin lafiya da tarayya ke biya. Idan yaron da aka haifa a ɗaya daga cikin jihohi 28 da ba su kai ƙara ba ya koma New Jersey, ɗan ƙasa ne ko a'a? Suka ce cikakken maganinsu ba zai samu ba sai an tsayar da umarnin ko'ina. Barrett ta mayar da wannan tambaya ga ƙananan kotuna. Ranar 23 ga Yuli kotun ɗaukaka ƙara ta shiyya ta tara ta yarda da jihohin da ƙuri'a 2 da 1, kwana biyu bayan haka Sorokin ma ya bar nasa umarnin yadda yake. Matsalar wannan ƙofa ita ce sai jiha ta nuna asarar da ta shafi aljihunta ko aikinta, kuma galibi jihohin jam'iyyar adawa ne kaɗai ke kai ƙara.

Ta uku ita ce dokar 1946 da ke tsara ayyukan hukumomin tarayya, wadda sashenta na 706 ya ba kotu ikon yin watsi da ƙa'idar hukuma idan ta saɓa wa doka. Kotuna sun daɗe suna fassara wannan da cewa ƙa'idar ta mutu ga kowa. Barrett ta ce a fili ba ta yanke wannan ba. Sai dai tun hukuncin Franklin na 1992 ba a lissafa shugaban ƙasa a matsayin hukuma, don haka ba za ka kai umarninsa kai tsaye ta wannan hanya ba, sai ka jira wata ma'aikata ta fitar da matakinta na ƙarshe na aiwatarwa. Su kansu alƙalan Kotun Ƙoli sun rabu a kan ikon yin watsin: Neil Gorsuch ya nuna shakka a 2023, Brett Kavanaugh ya kare ikon a 2024.

Kavanaugh ya faɗi wani abu a CASA da ya kamata a riƙe. Ya ce sau da yawa ya kamata a samu amsa ɗaya ta wucin gadi ga ƙasa baki ɗaya a kan manyan dokoki, kuma Kotun Ƙoli ce za ta riƙa ba da ita. Wato ikon da aka karɓe daga alƙalan gunduma ya taru ne a jadawalin gaggawa na kotun, wanda malamin shari'a William Baude ya yi wa laƙabi da jadawalin inuwa a 2015. A can ƙuri'a 5 ke yanke magana, sau da yawa ba tare da zaman sauraro ba, wani lokaci da bayanin da bai wuce sakin layi biyu ba. Wannan ya fi damuna fiye da hukuncin kansa, domin alƙalin ƙasa ba zai iya bin dalilin da ba a rubuta masa ba.

Ita kuwa ainihin tambayar haihuwa, sai ranar 5 ga Disamba, 2025 Kotun Ƙoli ta amince ta saurare ta, a shari'ar Trump da Barbara. Hujjar gwamnati ita ce kalmar hurumi a gyara na 14 tana nufin cikakkiyar mubaya'a da zama na dindindin, kuma iyayen Wong Kim Ark mazauna ne na dindindin, don haka hukuncinsa bai kai ga baƙin wucewa ba. Tana kuma jingina da shari'ar Elk ta 1884 a kan ɗan ƙabilar asali. 'Yan tsirarun malamai, irin su Randy Barnett da Ilan Wurman, sun ce hujjar tana da abin dubawa. Mafi yawan masana tarihin gyaran sun ƙi, suna cewa hurumi na nufin dokar ƙasa tana hawa kanka, kuma baƙon da za a iya kamawa a gurfanar a kotu yana ƙarƙashinta. Akwai kuma hanya mafi sauƙi ga masu ƙara: Majalisa ta saka wannan jimlar cikin dokar 1940 da ta 1952, a lokacin da kowa ke fahimtarta yadda Wong Kim Ark ya faɗa, kuma umarnin shugaba ba ya shafe dokar Majalisa.

Ga iyalin da ke can da bizar karatu ko ta aiki, har zuwa lokacin da kotun ta karɓi shari'ar babu ranar da umarnin ya yi aiki, kuma a lokacin jariran suna cikin rukunin Barbara ba tare da sun cike wata takarda ba. Takardar haihuwa jiha ko ƙaramar hukuma ke bayarwa, ba tarayya ba. Inda umarnin ke nufin cizo shi ne lambar inshorar zamantakewa, wadda ake nema tun a asibiti, da fasfo, wanda ake nema da fom ɗin DS-11. Duk wanda aka haifa masa yaro bayan 19 ga Fabrairu, 2025 ya karɓi waɗannan biyun da wuri, ya kuma adana shaidar matsayin iyaye biyun a ranar haihuwar, domin da ita tsarin umarnin ke aunawa. Batun tafiya takanas don haihuwa kuwa daban yake, kuma bai jira wannan shari'a ba: tun Janairun 2020 ƙa'idar Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka ta ce jami'in biza ya ƙi ba da bizar ziyara idan ya gamsu cewa babban dalilin tafiyar shi ne samar wa jariri takardar ɗan ƙasa, kuma wanda aka kama ya ɓoye gaskiya a hirar biza yana iya fuskantar haramcin shiga na har abada.